Faifai takwas na Spielberg, da na taran da ba a saka ba

Sana'ata tace hoto ce. Shekara 11 ke nan ina zaune gaban kwamfuta a wani ɗan shago kusa da Zoo Road a Kano, ina yanka bidiyon biki da na suna, wani lokaci kuma a kawo mini ƙaramin fim in haɗa. Na fara da wannan ne don a san da wane ido na kalli kayan da zan yi magana a kai. Ni idan na zauna kallo, inda aka yanka nake nema, da inda aka ajiye kyamara.

Kayan shi ne akwatin Steven Spielberg Director's Collection, wato tarin finafinan daraktan nan na Amurka, wanda ya fito a 2014 a faifan Blu-ray. Ƙanina da ke karatu a waje ya samo mini na hannu, na biya shi kusan abin da nake samu a aikin biki guda. Finafinai takwas ne a ciki: Duel na 1971, The Sugarland Express na 1974, Jaws na 1975, 1941 na 1979, E.T. na 1982, Always na 1989, Jurassic Park na 1993, sai The Lost World na 1997. Akwai ɗan littafi mai hotuna a tare. Kwalin kamar littafi yake buɗewa, kowane faifai a aljihunsa na takarda mai kauri. Yana da kyan gani, amma sai ka sa yatsa ka jawo faifan, ga kuma ƙurar hunturu tamu, don haka tun makon farko na kwashe su na zuba a gidan roba. A kuma sani, na'urar DVD da ke yawancin gidajenmu ba ta karanta su, sai mai Blu-ray. Turanci ake yi, akwai rubutunsa a ƙasa, ba irin faifan fassara da muka saba saye ba ne.

Da a ce faifai ɗaya za a bar mini, Duel zan riƙe. Spielberg yana da shekara 24 ya yi shi, don talabijin, cikin ƙasa da mako biyu na ɗauka. Labarin bai kai cikin cokali ba: wani ɗan kasuwa a jar ƙaramar mota ya wuce wata tsohuwar tanka a hanyar sahara ta Kalifoniya, direban tankar ya ɗauki abin da zafi, ya bi shi zai kashe. Shi ke nan. Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar direban ba, sai hannunsa da ya fito ta taga yana cewa wuce, sai takalmansa. Duk wanda ya taɓa tuƙi a hanyar Kano zuwa Zariya da tanka a bayansa tana danna masa oda, ya san abin da cikinsa zai yi. Na kalli wannan faifan ya fi sau 10, ina tsayarwa ina komawa baya. Spielberg ya ajiye kyamara ƙasa-ƙasa kusa da taya, yana ɗaukar tankar ta gefen dutse don dutsen da ke wucewa ya sa a ga kamar tana gudun tsiya, alhali ba wani gudu take ba. A hirar da ke cikin faifan ya ce babbar taswirar hanyar ya manna a bangon ɗakin masaukinsa, ya yi alamar abin da zai faru a kowace kwana. Wannan hirar kaɗai ta biya ni rabin kuɗina. Mu da kullum kukanmu babu kuɗi, babu kayan aiki, ga mutum da mota biyu da titi.

Jaws kuwa darasin masu yanka ne. An tsara ɗaukar kwana 55 a tekun da ke tsibirin Martha's Vineyard, aka ɓuge da kwana 159, saboda kifin shak na inji da aka ƙera ya ƙi aiki a ruwan gishiri. Da kifin ya ƙi, sai aka koma nuna abin da yake ja: jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ke nutsewa suna tasowa, katakon gada da ya juyo yana bin mutum, da kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke zuwa kafin komai ya faru. Sai an wuce awa guda kafin a ga kifin sosai. Matar da ta tace fim ɗin, Verna Fields, ta samu kyautar Oscar a kansa, kuma a kwamin wanka na gidanta aka sake ɗaukar wurin nan da kan gawa ya leƙo daga jikin kwale-kwale, da kuɗin aljihun Spielberg. An gyara hoton wannan faifan ƙwarai, ruwan ya fito da launinsa, hatsi-hatsin fim na asali kuma ba a goge shi ba. Akwai dogon shiri na yadda aka yi fim ɗin, kusan awa biyu. Shi ma kada a tsallake shi.

The Sugarland Express fim ne mai daɗi da ban tausayi, miji da mata sun sace ɗan sanda a Texas don su karɓo ɗansu, jerin motocin 'yan sanda na biye da su. A nan ya fara aiki da John Williams. Amma faifan tsirara yake, talla kawai aka ɗora, haka ma Always. Shi Always ban da ganin tauraruwa Audrey Hepburn a fim ɗinta na ƙarshe, bai kama ni ba. 1941 hayaniya ce da fashe-fashe, an kashe kuɗi dariya ba ta zo ba, ko da yake na ji daɗin da aka saka shi, don ɗalibi ya ga gwani ma yana tuntuɓe. The Lost World na kalla sau ɗaya na mayar. A kuma sani babu faifan da za a ji Spielberg yana sharhi a kan fim yayin da fim ɗin ke tafiya, ba ya yin wannan ko a ina.

Ranar da na sa E.T. a shago, yaron da ke koyon aiki a wurina ya tsaya a bayana ya ce, "Oga, wai ba Bayahude ba ne mutumin nan?"

Na ce, "Bayahude ne. Jawo kujera."

Na san abin da ke ransa, don ni ma raina yana ƙuna a kan Falasɗinu, ba na ɓoyewa. Amma na gaya masa abin da na sani game da mutumin. An haife shi ranar 18 ga Disamba 1946 a Cincinnati. Kakanninsa daga Yukren suka yi hijira zuwa Amurka. Mahaifinsa Arnold injiniyan kwamfuta ne tun kwamfuta tana cika ɗaki, mahaifiyarsa Leah makaɗiyar piyano ce, daga baya ta buɗe gidan abinci irin wanda addininsu ya halatta a Los Angeles. Aikin uban ya yi ta yawo da su, New Jersey, Arizona, Kalifoniya, sau da yawa a unguwannin da Yahudawa ba su da yawa. Ya sha faɗa da bakinsa cewa an zage shi, an doke shi a makarantar sakandare saboda asalinsa, har ya kai yana jin kunyar abin da yake. Iyayensa sun rabu a 1966, ya daɗe yana riƙe da mahaifinsa a zuci. Na ce wa yaron ya duba gidan da ke cikin E.T.: uba ya tafi, uwa tana ɓoye hawaye a wurin wanke-wanke, ƙaramin yaro ya tsinci baƙon da shi ma an tafi an bar shi. Kyamarar ma a tsayin yaro take, manya in ban da uwar sai ƙugunsu da makullansu ake gani har fim ya yi nisa. Ya zauna ya kalla har ƙarshe, bai ƙara cewa komai ba.

To a nan ne akwatin ya gaza mini, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Na fahimci dalilin da ya sa babu Close Encounters da Indiana Jones, na wasu kamfanoni ne. Amma Schindler's List gida ɗaya ya fito da waɗannan takwas, a shekara ɗaya da Jurassic Park, kuma babu shi. An sa The Lost World, an bar wannan.

Labarin Schindler's List da Jurassic Park ma a ɗaure yake. Sid Sheinberg, wanda ya ɗauke shi aiki tun yana saurayi bayan ya ga ɗan gajeren fim ɗinsa Amblin' na 1968, shi ne ya miƙa masa littafin Thomas Keneally a kan Oskar Schindler tun 1982. Spielberg ya yi shekara 10 yana ja da baya, yana ganin bai isa ba, har ya yi ta tallata aikin ga wasu daraktoci. Da ya shirya, sharaɗin da aka ba shi shi ne ya fara gama Jurassic Park. Haka ya kasance a 1993: da rana yana cikin sanyin Krakow a Poland yana ɗaukar yadda 'yan Nazi suka kwashe unguwar Yahudawa, da dare yana duba aikin dainaso na Jurassic Park da ake turo masa ta tauraron ɗan adam. Duk mai tace hoto ya san nauyin riƙe aiki biyu a kai ɗaya, balle irin waɗannan. Wanda ya kalli faifan Jurassic Park a akwatin nan rabin shekarar kawai ya gani.

Na kalli Schindler's List shekarun baya a wani kwafi mai dishi-dishi, amma bai fita raina ba. Baƙi da fari ne, Janusz Kaminski ya ɗauka, sau da yawa kyamara a kafaɗa, babu ƙawar da aka san Spielberg da ita. Labarin Bajamushen ɗan kasuwa ne, ɗan jam'iyyar Nazi, mai son kuɗi da shagali, wanda ya ƙare ya zubar da dukiyarsa ya ceci Yahudawa sama da 1,000 da ke aiki a masana'antarsa. Yarinyar nan mai jar riga, launi ɗaya a tsakiyar toka, har yau ina ganinta. Spielberg ya ba da labarin cewa yana ƙarami kakarsa tana koyar da Turanci a gida ga Yahudawan da suka tsira daga kisan da 'yan Nazi suka yi musu, wani daga cikinsu ya koya masa ƙirga da lambar da aka zana masa a hannu a sansanin Auschwitz. Yaron da ya koyi lamba a haka, ya girma yana gudun asalinsa, sai da ya kai shekara 46 ya juyo ya fuskance shi. Fim ɗin ya ci Oscar 7, har da ta darakta, wadda bai taɓa samu ba kafin nan. Bai ci ribarsa ba. A 1994 ya kafa gidauniyar Shoah, wadda ta naɗi shaidar mutum wajen 52,000 a bidiyo a kan kisan da aka yi wa Yahudawa, daga baya aka ƙara har da ta waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangi na Ruwanda. A matsayina na wanda ya sha naɗar tsofaffi a bikin jikokinsu, bayan shekara biyu a dawo a ce in nemo faifan don tsohon ya rasu, na san darajar wannan aikin.

Babu Munich na 2005 ma, inda ya bi 'yan leƙen asirin Isra'ila masu ɗaukar fansa, ya kuma bai wa wani Bafalasɗine dama ya faɗi abin da rashin ƙasa yake nufi. Ya sha suka a kansa daga cikin mutanensa. Shi ne na so in nuna wa yaron shagona bayan E.T., ba ni da shi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Mai ɗaukar hoto, mai tacewa, ko matashin da ke son ba da umarni, idan ya samu akwatin nan a farashi mai sauƙi ya saya, ko don Duel da Jaws da E.T. da hirarrakin da ke bayansu. Mai neman nishaɗin yara kawai ya sayi E.T. da Jurassic Park daban, zai fi masa arha. Wanda kuma yake son sanin mutumin kansa, sai ya ƙara kuɗi ya nemi Schindler's List a gefe, da The Fabelmans na 2022 inda ya ba da labarin gidansu da rabuwar iyayensa. Ƙanina zai dawo da babbar sallah, na riga na tura masa kuɗin waɗannan biyun da Munich, na kuma sayi gidan roba uku na ajiye kusa da sauran.