Wankin hanci da budesonayid: yadda ta kaya mini a hunturun Jos

Ranar da na yarda cewa hancina ya wuce wasa, wake ne ya kama tukunya ina tsaye a gefensa ina yanka albasa. Ummi ce ta fito daga ɗaki da gudu tana cewa, "Mama, ba kya jin ƙauri?" Wallahi ban ji ba. Hayaƙi na gani da idona, amma hanci shiru kamar an liƙe shi da danƙo. A lokacin na kai wata huɗu ina fama, ina ce wa kaina mura ce, za ta wuce.

Wanda ya zauna a Jos ya san hunturunta ba irin na sauran garuruwa ba ne. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, don haka daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba har cikin ƙashi yake shiga. Ga kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zo ta lulluɓe duwatsu har ka kasa hango su daga Bauchi Road. Ni malamar firamare ce a Anguwan Rogo. In na tsira daga ƙurar hanya, ƙurar alli tana jira na a aji. Duk shekara haka nake yi: hanci a toshe, kumatu da goshi su yi nauyi, musamman in na yi sujada, majina tana gangarowa ta bayan maƙogwaro, barci kuwa da baki a buɗe, in tashi harshe ya bushe kamar soso.

Babu abin da ban gwada ba. Sirace da man zafi a ƙarƙashin bargo, shayin citta da kanumfari, man habbatus sauda, antibayotik daga kemis sau biyu ba tare da kowa ya duba ni ba. Wanda ya fi cutar da ni shi ne wanda na fi so, wato maganin nan da ake fesawa a hanci ya buɗe cikin minti biyar. Ya zama ba na fita sai da shi a jaka. Da fari sau biyu a rana, daga baya sau biyar, kuma in na yi jinkiri hancin ya toshe fiye da da. Da na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro na nuna masa kwalbar, sai ya ce, "Malama, wannan na 'yan kwanaki ne, ba na watanni ba." Ya ce yana matse jijiyoyin jinin da ke cikin hanci ne kawai, in ya sake su sai su kumbura fiye da yadda suke, ka sake fesawa, haka nan har ka zama bawansa. Satin da na daina shi na sha wuya, ba zan ɓoye ba.

Likitan ya leƙa da na'ura, ya ce kumburi ne da ya daɗe a ramukan iskan da ke cikin ƙasusuwan fuska, abin da suke kira sainus. Kashi huɗu ne a kowane gefe: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki a bayan hanci. Kowanne yana da 'yar ƙofa ƙarama da majina ke fita ta cikinta. In fatar wurin ta kumbura ƙofar ta tsuke, majinar ta taru, shi ne nauyin da nake ji. Ya ce in abin ya wuce sati 12 to ya fita daga sahun mura. Ya fara ɗora ni a kan feshi mai siteroyid, wato maganin rage kumburi, na sati shida, sauƙin bai taka kara ya karya ba, sannan ya ce mu koma wankin hanci.

Ga kayan aikin. Kwalbar roba ce mai laushi da ake matsawa, tana ɗaukar mil 240, bakinta yana da ɗan tudu da ke zama daidai ƙofar hanci. Sai 'yan ƙullin gishiri da aka auna, ɗaya na cika kwalba ɗaya. Sai maganin kansa, budesonayid, wanda shi ma siteroyid ne, a jikin kwalin an rubuta budesonide, yana zuwa a cikin 'yan robobi ƙanana masu mil 2, ruwansa fari-fari kamar an ɗiga madara. Asalinsa na masu asma ne, a injin da ke mayar da magani tururi ake zuba shi. Likitocin hanci ne suka ɗauko shi suke sa wa a ruwan wanki, don ruwa mai yawa yana kai magani lungunan da feshi ba ya isa. Saboda haka kada ki yi mamaki in kin karanta takardar cikin kwalin ba ki ga an ambaci hanci ba. Ni mai rabin miligiram aka rubuta mini, sau ɗaya a rana. Wannan nawa ne, ba awon kowa ba ne.

Da na ji kalmar siteroyid gabana ya faɗi, don mun san abin da sha-ka-fashe ya yi wa mata a unguwanni: fuska ta kumbura, ƙafa ta zauna siririya, daga baya sukari da hawan jini su biyo. Na faɗa wa likitan haka, ya yi murmushi ya ce dangi ɗaya ne amma hanyar daban. Mafi yawan ruwan yana fitowa ne ya zube a kwano, kaɗan ke mannewa a jikin fatar hancin inda ake buƙatarsa, ɗan abin da ya wuce ciki kuma hanta tana lalata mafi yawansa kafin ya zaga jiki. Duk da haka sai da ya tambaye ni ko ina da hawan jinin ido ko yanar ido, ko ina shan wani magani, ko ina da ciki. Ya kuma ce in har za a daɗe ana yi, sai an riƙa duba idon.

Ranar farko na yi abin dariya. Na ɗauka tunda kullum ina shaƙa ruwa a alwala, wannan ba baƙo ba ne. Ashe a nan ba a shaƙa. Sunkuyawa ake yi a kan kwano, kai a ƙasa, baki a buɗe ana numfashi ta cikinsa, a matsa kwalbar a hankali, ruwan ya shiga ta wannan ƙofa ya fito ta waccan, rabi a dama rabi a hagu. Ni kuwa na rufe baki na matsa da ƙarfi. Ruwan gishiri ya sauko mini maƙogwaro, na ƙware, kunnena na hagu ya yi dum har azahar. Baban Ummi yana bakin ƙofa yana cewa, "Ke da kika ce magani ne, na ga kamar nitsewa kike." Sai a kwana na uku hannuna ya gane. Abin da ya fito a kwanon ranar ba zan bayyana shi duka ba, amma akwai ja-ja irin na ƙasar hanya, akwai busassun ɓawo da ban san inda suka maƙale ba.

Wani abu da ba wanda ya gaya mini: ruwan ba ya gama fita a lokacin. Na yi wankin da ƙarfe bakwai, na je makaranta, na sunkuya in duba littafin wani yaro, sai ga ruwa tsul a kan shafinsa. Yara suka kwashe da dariya. Tun daga nan nake yi da wuri, in gama in sunkuyar da kai in juya shi dama da hagu, in face a hankali ba tare da toshe ƙofa ɗaya da ƙarfi ba. Kuma ba na yi dab da kwanciya.

Babban aikin duk yana wurin ruwa. Ruwan famfo, na rijiya, na 'yan garuwa, har na leda, babu wanda ake zubawa haka nan. Sai an tafasa, an bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Dalili kuwa akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, in an sha ta ba ta yin komai, amma in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. Ba kasafai ake samun haka ba, amma a 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a bar ruwan ya tafasa minti ɗaya, in wurin ya haura kusan mita 2,000 a tudu a kai minti uku. Jos ba ta kai haka ba, amma ni ina barin nawa ya yi biyar, gas ɗin ba zai ƙare a kan wannan ba. Na ware wani ƙaramin fulas na wannan aikin kaɗai, na hana kowa zuba shayi a ciki. Ranar da na yi gaggawa na yi da ruwa mai sanyi, sai da na ji kamar an caka mini allura a goshi. Kwalbar ma kullum sai an wanke ta da sabulu an kife ta bushe, kuma bayan wata uku a sauya.

Gishirin kuma na so in haɗa da kaina don in rage kashe kuɗi, sai na tarar wanda ake so marar aidin ne, namu na kasuwa kuwa kusan duk da aidin yake zuwa. Na haƙura na ci gaba da sayen ƙullin.

To ya yi aiki? Ya yi, amma a hankali. Tun satin farko numfashi ya ɗan sake bayan kowane wanki, sai dai wannan aikin ruwan gishirin ne, don bayan awa uku ko huɗu toshewar tana dawowa. A sati na biyu har na fara cewa an ci kuɗina. Cikin na uku ne na lura na yi sujada ban ji goshina zai faɗo ba, kuma na kwana baki a rufe. Wata ranar Asabar Inna tana kaɗa miya a tsakar gida, ina ɗaki ina ninke kaya, sai warin daddawa ya bugo ni. Na fito na tsaya a kan tukunyar ina ta shaƙa. Inna ta kalle ni ta ce, "Lafiyarki kuwa, 'yar nan? Yau kika fara ganin daddawa?" Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan warin ba.

Inda ban ji daɗinsa ba, na farko kuɗi. 'Yan robobin suna da tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye su ba, akwai satin da sai da na zaga har Terminus kafin na samu. Na biyu, sau biyu na ga ɗan jini a majina, irin somin haɓo. Likita ya ce in huta kwana biyu, in daina tura bakin kwalbar yana dannar bangon tsakiyar hanci, bai sake dawowa ba. Na uku, bai hana ni kamuwa da mura ba. A Janairu yaran aji suka raba mini tasu, na yi kwana biyar ina atishawa kamar kowa, sai dai wannan karon da ta tafi ta tafi, ba ta bar mini nauyin fuska ba.

Maƙwabciyata da ta ga na samu sauƙi ta aiko a ba ta robobi biyu ta gwada wa ɗanta mai mura. Na hana, har ta ɗan ji haushi. Murar kwana biyar ba ta buƙatar siteroyid, ruwan gishirin kaɗai ya isa, kuma yaro ba a ɗora shi kan irin wannan ba tare da an duba shi ba. Haka wanda yake da zazzaɓi mai zafi da kumburin ido, ko toshewa a gefe ɗaya tal tare da jini, asibiti ya kamata ya nufa, ba kwano ba.

Da azumi ya matso na tuna hadisin da ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai dai in ana azumi. Tunda na san ruwan nan yakan sauko maƙogwaro, na mayar da wankin bayan buɗa-baki, kafin a fita tarawihi, yadda zai gama tsiyayewa kafin in kwanta. Likita ya ce in robobin da ke hannuna suka ƙare in tsaya da budesonayid ɗin, in ci gaba da ruwan gishiri zalla, in koma ya leƙa hancin kafin ruwan farko ya sauka. Saura guda shida a kwalin.