Fakitin batirin CR2032 na agogon kwamfuta: shida lafiya, huɗu gawa

Tauraro biyu na fara ba shi, daga baya na ƙara ɗaya, kuma na ukun nan da ƙyar ya ci shi.

Irin fakitin nan ne mai guda goma a kwali ɗaya, babu sunan kamfanin kirki a jikinsa, ana tallarsa a matsayin maganin kwamfutar da agogonta ke komawa baya. A ido babu abin kushewa: faɗi milimita 20, kauri 3.2, an buga 3V a bayansa. Na farkon da na ɓare ya zauna daram a gurbinsa na madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ƙugiyar ta kama shi da ƙara. Na shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, na saita rana da lokaci, na adana. Kwana tara agogo yana tafiya daidai, har na fara yabonsa.

Ashe ba shi ke aikin ba. Muddin wayar wutar kwamfutar tebur tana jone kuma akwai wuta, ko an kashe ta, akwatin wutarta yana ci gaba da tura 'yar wuta ta bolt 5 zuwa madabod, ita ce ke riƙe agogon. Batirin zaman jira kawai yake yi, sai ranar da aka zare waya ko wuta ta ɗauke sannan a san ko da rai. Rana ta goma aka zare wayar don a matsar da tebur. Ana kunnawa sai baƙin allo, da rubutun CMOS checksum error, wai a danna F1. Shekara ta koma baya can.

Da agogo kaɗai ya tafi, da sauƙi. Duk saitin BIOS ya koma na asali, har da yanayin SATA, wato salon da madabod ke magana da ma'ajiyar bayanai, wanda ya tashi daga RAID ya koma AHCI, Windows kuwa a kan RAID aka ɗora ta. Sai shuɗin allo, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ta sake tashi, ta sake faɗuwa. Wanda bai san dawan garin ba zai rantse ma'ajiyar bayanan (hard disk) ce ta mutu, ya je a goge masa komai a banza, alhali layi ɗaya ne a BIOS za a mayar. Shi ya sa kafin ka taɓa batirin nan, ka ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da wayarka. In kuma akwai BitLocker a kai, wato makullin Windows da ke kulle bayanai, ka ajiye lambobin nan 48 na ceto a kusa, domin sauyin saiti yakan sa ta nemi su.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata a fara da shi, na ɗauko mitar auna wuta. A juya ta kan DC, zangon bolt 20, jan tsinke a fuskar da ke da alamar +, baƙi a ƙasa. Sabon CR2032 na gaske yakan nuna 3.2 zuwa 3.3. Wanda na cire ya nuna 2.1. Na ɓare sauran tara gaba ɗaya: shida sun haura 3.2, uku ba su kai 2.6 ba. Wato huɗu cikin goma matattu ne tun a kwali. Kada ka kama shi da hantsakin ƙarfe wajen awo, haɗa fuskokin biyu kake yi, kuma ka goge maiƙon yatsa kafin ka saka.

Gwajin da ke tona asirin batir ba ya cin lokaci. Bayan ka saka shi ka saita agogo, kashe kwamfutar, zare waya daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta zube, ka bar ta rabin awa. Dawo ka shiga BIOS kai tsaye, da Del ko F2 ko F10 gwargwadon na'urarka, kafin Windows ta samu intanet ta rufa masa asiri. In lokaci yana nan, batirin ya ci jarrabawa. Ɗaya daga cikin shidan nan ya ci.

A nan ne na kusa zaluntarsa. Da lafiyayyen batirin a ciki, agogon ya ci gaba da kuskure, amma irin kuskuren ya canza: mintuna daidai, awa ce ke zamewa, kuma cif-cif. Wannan ba aikin batir ba ne. Matacce shekaru yake zubarwa, ba ya zaɓar awa. Na'urar tana ɗauke da Windows da Linux, su biyun kuma ba su yarda da juna ba a kan agogon madabod. Linux tana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, Windows tana ɗaukarsa lokacin yankinka. Kowacce ta tashi sai ta gyara shi yadda ta fahimta, ɗayar ta tarar da ɓarna daidai tazarar yankinka da UTC. Ana iya buga timedatectl set-local-rtc 1 a Linux, amma ni na fi son a lanƙwasa Windows: a rajista (registry, ma'ajiyar saitin Windows), ƙarƙashin TimeZoneInformation, a ƙirƙiri DWORD mai suna RealTimeIsUniversal a ba shi 1. Mai Windows kaɗai da ya ga irin wannan zamewar, yankin lokaci zai duba, yawanci an bar shi a kan wata ƙasa tun ranar da aka ɗora manhajar.

Akwai kuma kuskuren agogo iri na uku, mai tafiyar hawainiya, yau daƙiƙa biyu, bayan wata minti guda. Ɗan lu'ulu'un da ke ƙirga lokaci yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, zafi da tsufa suna ɗan karkatar da shi, daidaitawa da intanet ce ke share bambancin. A services.msc ka tabbata Windows Time tana gudana, sannan ka buɗe cmd da ikon admin ka buga w32tm /resync. In ta ƙi, ko dai an toshe ƙofar UDP 123 da NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, ke bi, ko tazarar ta yi yawa. Kwamfutar gida ba ta yarda ta yi tsallen da ya wuce awa 15 da kanta, don haka agogon da ya koma shekaru baya sai ka fara matso da shi da hannu. Kafin nan burauza za ta yi ta ƙin buɗe shafuka da NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, ba laifin intanet ɗinka ba ne.

Wannan ne ya sa na ƙara tauraron, tunda rabin ciwon ba nasa ba ne. Amma duk lokacin da na juya kwalin sai raina ya sake ɓaci. Babu ranar ƙerawa, babu ranar lalacewa, ko'ina. Batirin litiyam yana jure ajiya na shekaru, to wanda ya sauka zuwa 2.1 a cikin leda, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kwance a sito. Ga kuma ƙaryar da aka rubuta cewa yana shiga kowace laftof. Da yawansu nasu naɗe yake cikin roba da 'yan wayoyi biyu da filogi, wasu ML1220 ne mai caji, wasu ma babu shi sam, babban batirin ke riƙe agogo. Kada ka dasa CR2032 a gurbin mai caji, ba a yi shi don karɓar caji ba.

Ga mai kwamfutar tebur da ke da mita a hannu, zai tsinci na kirki a ciki. Wanda ba shi da mita, ya sayi guda ɗaya mai suna da kwanan wata a jiki. Huɗun nan na naɗe su da salatif, nesa da hannun yara, suna jiran wurin karɓar tsofaffin batura.