Digirin dakta a bayofiziks: ɗakin gwaji ko kwamfuta?

Ɗaliban bayofiziks, wato nazarin halittu masu rai da ƙa'idojin fiziks, sun ishe ni da tambayar wanne za su bi. Ɗakin gwaji akwai cin kuɗi, don madubin ilektron mai daskarar da samfuri, wato na'urar ganin siffar ƙananan abubuwa irin su furotin, shi kaɗai kan kai miliyoyin daloli. Ga cin rai: sai ka shafe watanni kana lallashin furotin ya dunƙule kamar ƙwayar gishiri don a iya gano siffarsa, ya ƙi. Amma abin da ka auna ya zauna daram.

Kwamfuta ta fi arha da sauri, balle da zuwan AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, wadda biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta suka samu kyautar Nobel a 2024. Sai dai hasashe ne, yana jiran gwaji ya gaskata shi.

Mai haƙuri da son aikin hannu, ɗakin gwaji ya dace da shi. Wanda lissafi da rubuta manhaja ke burge shi, ya rungumi kwamfuta.