Bitar littafin The Death of Vivek Oji, ga masu karatu a Nima da Maamobi

Littafin Akwaeke Emezi ne, ya fito a 2020, da Turanci mai sauƙi wanda aka yayyafa wa Ibo da Turancin buroka. An haifi Emezi a Umuahia, ƙuruciya kuma a Aba, shi ya sa kasuwa da ƙurar garin labarin suka fito daram.

In za a saya a Accra, a nemi bugun Faber ko Riverhead, a duba bayan littafin tun a shago. Kwafin jabu na bakin titi gam ɗinsa ba ya jure zafi, shafuka kan zube. Mai son na Kindle ya tanadi katin banki, don Amazon ba ta karɓar MoMo, wato kuɗin waya, kai tsaye.

Ƙarfinsa yana cikin ƙananan abubuwa. Sauyin Vivek, jarumin labarin, daga rayuwar namiji zuwa ta mace bai bi ta asibiti ko allura ba. Gashi ne ya fara tsawo har gida ya rikice, sannan rigar mata a ɗakin ƙawaye bayan an kulle ƙofa, sannan sabon suna, Nnemdi, da hotunan da aka ɓoye wa uwa. Babin da matar kawu ta kai Vivek coci aka yi ta duka da sunan fitar da aljani yana da ciwo, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa ɗan daudu a unguwa zai gane wurin. Kavita, uwar, ita ce ta fi zama a rai: tana son ɗanta ƙwarai, amma ba ta san shi ba.

Aibin littafin shi ne gawar Vivek ce ta buɗe labarin, a ƙofar gida. Wannan salon ya yi yawa a irin waɗannan littattafai, kuma yana cinye abin da na fi so a nuna: neman abinci, kuɗin haya, zama da maƙwabta, tsufa. Muryar Vivek ma gajerun babi kawai aka ba ta, sauran mutane ke magana a madadinta.

Akwai saduwa a fili tsakanin Vivek da ɗan kawunsa Osita, don haka ba na yara ba ne. A kuma lura da inda za a buɗe shi: majalisar Ghana ta zartar da ƙudurin hukunta luwaɗi da maɗigo a Fabrairun 2024, kuma ko da yake shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa hannu ba, maganar na da zafi a cikin trotro, wato motar haya.