Hattara da mai farar riga da ke sayar da "maganin kare ƙwaƙwalwa" a bakin asibiti

Jama'ar Kano, dubu 380 wani azzalumi ya ci mini a kan ciwon mahaifina. Naira 380,000. Ina rubutun nan ne raina yana tafasa.

Baba ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, baki ya karkace, ɓarin dama ya shanye. Aka yi hoton kai na CT, likita ya ce jijiya ce ta fashe, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, hawan jini ne sila. Wajen mai shayi a bakin ƙofa mutumin ya same ni. Farar riga, kati a wuya an juya fuskarsa ciki, carbi a hannu. Ya ce, "Ƙanina, kai ne mai jinyar dattijon nan da jini ya zuba masa a ka? Sannu, Allah ya ba shi lafiya." Har ɓarin da ya shanye ya sani. Ta ina ya sani? Har dafa kafaɗata ya yi. Wannan dafawar ce take ta dawo mini.

Kafin wani ya ce wauta ce, ku ji. Sunan magani na gaskiya ya kira, nimodipine. A gabansa na duba a waya: akwai shi, ana ba masu zubar jini a ka, miligiram 60 duk bayan awa 4 har kwana 21. Daidai yadda ya faɗa, ko harafi bai kuskure ba. Ni ɗan Kantin Kwari ne, da shafawa nake gane jabun shadda. Amma ubanka na kwance ba ya magana, wani ya ce maka in aka wuce yau ƙwaƙwalwar ta mutu, wa zai tsaya ciniki?

Dubu 150 na fara turawa. A'a, kafin nan ya karɓi dubu 30 a hannu, wai kuɗin ɗauko shi. Dubu 200 ɗin washegari ne, na allura "'yar Jamus" da ya ce dole a haɗa. Sunan asusun ba nasa ba ne, ya ce na uwargidansa ne. Kuma tun wajen mai shayin ya ce kada na nuna wa likitoci, wai za su ji haushi don ba ta hannunsu aka saya ba.

Ƙanwata ce, Allah ya yi mata albarka, ta ɗauki kwalin maganin ta kai wa likita ba tare da ta gaya mini ba. Ya ce nimodipine na wata irin zubar jini ce daban, wadda jinin ke kwanciya tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta, yawanci in kumburin jijiya ya fashe. Ana ba da shi ne saboda tsukewar jijiyoyi da kan biyo baya. Na Baba a cikin naman ƙwaƙwalwar yake, kuma irinsa babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana kare ta. Abin yi shi ne sauke hawan jini bisa ƙa'ida, sa ido, wani lokaci tiyata, daga baya gashi. Ko na gaskiyar ma yana sauke jini, ba a shan sa da ka. Kwalin kuwa babu lambar NAFDAC, ranar lalacewa takarda ce aka liƙa a kan wata. Ya ce in asfirin ne a ciki, ƙara zubar jinin zai yi. Ni kuma maganin a aljihuna yake, ina jiran dare ya yi in ba Baba!

Lambarsa a kashe tun ranar. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin banki da kwalin duk suna nan, zan saka su da zarar na kai wa 'yan sanda da ofishin NAFDAC.

Kada ku sayi magani hannun kowa a bakin asibiti. Wanda ya ce ku ɓoye wa likita, ɓarawo ne.

Dubu 380. Kuma dubu 200 ɗin rance ne wajen maigidana, ƙarshen wata zan biya, ga kuɗin gado, ga na gashi ba a ma fara ba. Ban yafe ba, Allah ya isa.