Sharhi kan rangadin tarihin Fafaroma na ƙarni na 16 a birnin Rum

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne ke shirya wannan rangadi na wuni guda, daga gidan tarihi na Batikan zuwa ganuwar Sant'Angelo, kuma a ganina ya cancanci kuɗin da ake biya, domin ɗan jagoran ba ya barin mutum ya tsaya ga kallon zane kawai, sai ya faɗa masa inda aka samo kuɗin yin aikin da kuma abin da ya biyo baya.

Ya fara da Majami'ar Bitrus, wadda Fafaroma Julius na Biyu ya aza harsashinta a 1506, ya bayyana yadda sayar da takardun sassauta horon zunubi a zamanin Fafaroma Leo na Goma don ci gaba da ginin ya tunzura Martin Luther, malamin addinin Kirista ɗan Jamus da ya assasa tafiyar Furotesta, har ya fitar da batutuwansa 95 na suka a 1517, aka kore shi daga Coci a 1521. Inda bayaninsa ya fi ratsa ni shi ne ɗakin da mai zane Raphael ya ƙawata, inda ya nuna mana sunan Luther da aka karce a jikin zanen bango, abin da ake dangantawa da sojojin Sarki Charles na Biyar da suka wawashe birnin a 1527. Daga saman Sant'Angelo kuma ya nuna mana doguwar hanyar kan katanga, mai tsawon kusan mita 800, wadda Fafaroma Clement na Bakwai ya bi daga Batikan ya tsira da ransa ranar 6 ga Mayun wannan shekarar, yayin da dogarawansa 'yan Suwizalan 147 suka kwanta dama.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda aka yi wa zamanin Fafaroma Paul na Uku gaggawa. Shi ne ya amince da ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit a 1540, ya kuma kira babban taron shugabannin Coci na garin Trent da aka buɗe a 1545 aka rufe a 1563, amma duk wannan an dunƙule shi cikin 'yan jimloli, alhali a nan ne Cocin Katolika ta tsara amsarta ga Furotesta. Cunkoso ma yana da yawa, don haka mai son jin bayanin da kyau ya nemi rukunin safe, ya kuma ɗan karanta tarihin taron Trent kafin ya zo.