Na kai ledar ƙwayoyin Inna farmasin unguwarmu, ga yadda muka yi

Ran Asabar ina gyaran ɗakin Inna tunda ta tahi Tasawa biki, sai na ɗaga katifa na iske wata baƙar leda ɗaure da ƙwayoyin magani sun hi talatin, wasu cikin kati wasu tsirara a haɗe wuri guda, farare da jajaye da masu ruwan ɗorawa, kuma wallahi abin da ya tada min hankali ɗiyata mai shekara 2 tana nan gindina har ta miƙa hannu tana cewa alawa.

Da farko salula na ɗauka, na shiga intanet wajen da ake rubuta lambar da ke jikin ƙwaya ya gaya maka sunanta. Ɓata kuɗin konekson kawai na yi, don mafi yawan abin da suka jera magungunan Amurka ne, namu kuwa na Indiya ne da Sin da wanda ake shigowa da shi ta Jibiya. Sai na hau kabu-kabu na tahi farmasin da muke sayen magani nan unguwar Zariya, cikin Maradi.

Bari in fara da abin da bai yi min ba. Layi. Na yi kusan minti 40 tsaye, benci guda ne tal, kuma yarinyar da ke kanta da ta ga ba ordonans (takardar likita) gare ni ba sai ta riƙa wuce ni tana sallamar masu saye. Sai da lokotoron da kansa ya hito daga ciki ya ce "Hajiya lahiya?" sannan aka kula ni.

Shi kam ya san aikinsa. Ya shimfiɗa farar takarda ya juye ledar, ya fara da masu kati, yana juya bayansu yana nuna min inda suna yake da ƙarfin maganin da ranar lalacewa. Parasitamol 500 ne da amoksisilin wanda kwanansa ya wuce tun bara, sai wani guntun kati da aka yanke da almakashi saura harufa kaɗan, ya ce glibenklamid 5 ne na ciwon suga. Ya dube ni ya ce Hajiya wannan 'yar ƙaramar da kike rainawa, in yaro ya haɗiye ko guda sugansa na iya faɗuwa har ya suma, asibiti ake rugawa da shi nan take tare da ledar, ba a jira a ga alama kuma ba a sa shi amai da gishiri ko manja. Jikina ya yi sanyi. Jajayen ya ce sun yi kama da na ƙarin jini da ake ba masu ciki wajen awo, su ma in yaro ya sha da yawa guba ne.

Da muka zo kan tsirarun fa nan muka ɗan ja. Na ce to wannan fara mai tsaga a tsakiya ai parasitamol ce, ya ce a'a bai faɗi ba. Ya jawo kwalaye uku daga kanta ya ɓalle ƙwaya ɗai ɗai ya jera min, duka farare, duka zagayayyu, duka da tsaga, kuma magani uku daban. Ya ce launi da siffa kamfani ke zaɓa, in babu rubutu a jiki babu kwali, shi ba ya sa ma ƙwaya suna da ido, kuma kar in kuskura in lasa wai in gane ta ɗaci. Ga zahin Maradi da ke wuce digiri 40, magani da ake so a aje ƙasa da 30 ya kwana watanni ƙarƙashin katifa.

Ya riƙe tsirarun da waɗanda suka lalace ya ce kar a watsa su bola inda yara ke tsince-tsince. Ko dala bai amsa ba, har ya rubuta min sunan na sugan da manyan baƙaƙe ya ce in Inna ta dawo in zo da ita da karnenta na asibiti a duba ko har yanzu shi aka ɗora ta a kai. Na kira ta da dare na gaya mata, buɗar bakinta sai cewa ta yi wa ya aike ni ɗaga mata katifa.